St Kilda: Ƙauyen da Ya Watse a Idon Baƙi

Can cikin Tekun Atlantika, nesa da gaɓar arewa maso yammacin Sikotilan, akwai wasu 'yan tsibirai da ake kira St Kilda. Babbansu shi ne Hirta, kuma nan ƙauyen yake. Da marubuci Martin Martin ya je a 1697, ya tarar da mutum kusan 180.

Tsuntsayen teku ne gonarsu da kasuwarsu. Maza kan ɗaura igiya a ƙugu, su gangara gefen duwatsun da wasunsu suka haura mita 400, su kamo tsuntsaye, su kwaso ƙwai, a raba gida-gida. Naman a busar da shi cikin 'yan rumbunan dutse, waɗanda fiye da 1,200 ke warwatse a Hirta har yau. Gashin tsuntsu da mansa kuwa da su ake biyan hayar ƙasa ga gidan MacLeod na tsibirin Skye. Kowace safiya magidanta sukan taru a titin ƙauyen guda ɗaya, su yanke aikin da za a yi ranar.

A 1877 jirgin ruwa mai tururi, Dunara Castle, ya fara kawo 'yan yawon buɗe ido a lokacin zafi. Baƙin sukan sayi saƙar ulu da ƙwan tsuntsaye, su ɗauki hotuna, su yi ta kallon mutanen gari kamar abin nuni. Kuɗi ya shigo, aka saba da fulawa da shayi da sukari. Amma jiragen kan bar musu mura mai kwantar da gari, kuma da sanyi ya kama sai zirga-zirga ta tsaya na watanni.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa raunana ƙauyen. Sojojin ruwan Birtaniya sun yi zango a Hirta, suka kawo albashi da labarin duniya. Da suka tashi, samari suka bi sahu. Mutum 73 ne a 1920, zuwa 1928 saura 37. Masu ƙarfin hawan dutse suka yi ƙaranci, sai mutanen da kansu suka rubuta wa gwamnati ta kwashe su. Ranar 29 ga Agusta, 1930, jirgin Harebell ya ɗauki mutum 36 na ƙarshe. Akasarinsu an tsugunar da su a yankin Morvern na Sikotilan, aka ba mazan aikin gandun daji, alhali ko bishiya ɗaya babu a tsibirinsu.

Tun 1957 hukumar National Trust for Scotland ke riƙe da wurin. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1986 saboda halittunsa, ta ƙara da tarihin mutanensa a 2005. Yanzu ƙananan jirage daga tsibiran Harris da Skye ne ke kai baƙi su wuni, in iska ta yarda, su zaga kangon gidajen da aka gyara wasu don ma'aikata da masu bincike.