Gidan da Ba a Yanka wa Kowa Ranar Fita

A shekara ta 1975 hukuma ta rufe wani gidan farfaɗo da mashaya a Silver Spring, ƙasar Amurka. Mazan da ke ciki suka ƙi watsewa, suka kama hayar gidan da kansu, suka kira shi Oxford House. Kowa ya biya rabonsa, wanda ya koma wa kwalba a sallame shi, amma ba a yanka wa kowa ranar fita.

Daga baya tsarin ya iso Gana, aka buɗe gida a Oyarifa, kusa da Akkara. A Zangon Kumasi kuwa, inda tramol ya kama samari da yawa wajen 2018, wanda aka sallamo daga asibiti yakan koma lungun da ya fara sha, tsoffin abokansa suna jiransa.