Akinyele: Ƙasar da Muke Zaune a Cikinta

Da yawa daga cikinmu in aka tambaye mu inda muke, sai mu ce Badun, shi ke nan. Amma mu mazauna Sasa da Ojoo da Moniya, a takardar hukuma ƴan Ƙaramar Hukumar Akinyele ne, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11 na ƙasar Ibadan a Jihar Oyo. An kafa ta a 1976, hedikwatarta na Moniya, kuma ta ci sunan Olubadan Isaac Akinyele, wanda ya yi sarauta daga 1955 zuwa 1964. Afijio ce a arewacinta, Lagelu a gabas, Ido a yamma, Ibadan ta Arewa a kudu. Tana da mazaɓu 12, kuma da an wuce Moniya, yawancinta ƙauyuka ne da gonakin rogo da masara da koko.

To me ya kawo mu nan? Hanya ce. Kakanninmu fatake sun daɗe suna koro shanu zuwa kurmi, su koma da goro. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, fatauci ya ƙara haɓaka, har a 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo. Da gari ya cika, sai kasuwanci ya riƙa matsowa arewa, bakin hanyar Oyo da Ilori. Duk motar da ta ɗauko tumatir ko albasa ko shanu daga gida ta wannan hanya, ƙasar Akinyele take fara takawa kafin ta shiga birni. Ka ji dalilin da ya sa Sasa ta zama mahadar kayan gwari, kara kuma ta zauna a Akinyele. Ga tashar sabon jirgin Legas da aka buɗe a Moniya a 2021.

Mutum nawa ne a wannan ƙasa? Ƙidayar 2006 ta ce sama da 211,000. Wannan ƙidaya ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, ta dai rubuta kowa a inda ta same shi. Nan ne gizo ke saƙa. Wasunmu da an ce ƙidaya sai su hau mota su tafi gida, wai kada garinsu ya ragu. Alhali yawan jama'a na cikin abubuwan da ake dubawa wajen rabon kuɗin ƙananan hukumomi da tsara makarantu da asibitoci. Ƴaƴanmu kuwa nan suke karatu, matanmu nan suke haihuwa.

Rikicin Sasa na Fabrairun 2021 ya isa darasi. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje na Hausawa da Yarbawa, aka rufe kasuwa. Wasu sun tafi, amma da yawa suka tsaya, don a nan aka haife su, a nan suka binne iyayensu.

Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, ta 2023 ma ɗage ta aka yi. Duk ranar da aka sa lokaci, ƴan uwa, mu zauna a ƙirga mu a ƙofar gidajenmu. Katin zaɓenmu ma mu maido shi mazaɓar da muke kwana, mu san kansilanmu, shi ma ya san da mu. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.