Tarihin ƙungiyoyin ƴan makaranta da malamansu a Nijar

Yau za mu koma baya kaɗan, mu ji yadda ƴan makaranta da malaman lakwal na ƙasarmu suka fara haɗa kansu. Labarin bai fara a Yamai ba. Ya fara can ƙasar Senegal, bakin teku.

Zamanin Nasara, yaron da ya yi ƙoƙari a lakwal ba ya da inda zai ci gaba nan gida. Sai a tura shi waje. Babbar makarantar horon malamai ta dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki tana Senegal. An buɗe ta a birnin San Luwi a 1903. A 1913 aka mai da ita tsibirin Gore, a 1915 kuma aka sa mata sunan wani gwamna, William Ponty. A 1938 ta koma Sebikotan, kusa da Dakar. Ku tuna, lokacin tafiya daga Damagaram ko Tawa zuwa Dakar ba abin wasa ba ne. Yaro ya bar uwa da uba, ba su sake ganinsa sai hutu, in ma an samu hali.

Bubu Hama shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga wannan makaranta da takardar malanta, a 1929. Bayansa Diori Hamani ya bi, Jibo Bakari ma ya bi. Diori har Faris ya je ya koya wa Faransawa masu shirin zuwa aikin mulki Hausa da Zabarmanci.

A Ponty ƴan kowace ƙasa sukan haɗu wuri guda. Ƴan Dahome da nasu taro, ƴan Gine da nasu. Abin da ya fi haɗa su shi ne wasan kwaikwayo. Kowane rukuni yakan shirya wasa a kan tarihin ƙasarsa ko al'adunta, a nuna shi ƙarshen shekara. Magana da Faransanci, amma waƙa da rawa na gida ne. Wasan ya yi suna har aka kai ɗaliban Faris suka yi shi a 1937. Akan kuma sa ɗalibi, in ya je hutu, ya tambayi tsofaffin garinsu, ya rubuta abin da ya ji game da aure, da abinci, da magani, da tatsuniya. Nasara ya so ya san mutanen da yake mulki ne. Amma yaran ma sun ƙaru. Wanda aka ce masa ƙasarsa ba ta da tarihi, ga shi ya rubuta tarihin da hannunsa.

A nan suka koyi shirya taro, da zaɓen shugaba, da magana gaban jama'a. Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar PPN a 1946, malaman lakwal na cikin waɗanda suka ja ta. Mushe ne ya iya karatun takardar kumandan, shi ya iya mai da amsa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, ɗaliban Afirka suka fara yawa a jami'o'in Faransa. A 1950 suka kafa babbar ƙungiya mai suna FEANF. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai ɗan Tasawa, Abdu Mumuni, wanda aka haifa a 1929, shi ma ya bi ta Ponty. Da farko damuwarsu kuɗin karatu ne da wurin kwana cikin sanyin Turai. Ba a jima ba suka koma neman ƴancin kai. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 sun ce a jefa "a'a", kamar yadda Sawaba ta Jibo Bakari ta ce. "I" ce ta yi rinjaye a Nijar. Abdu Mumuni ya zama masanin zafin rana da yadda ake mora tasa. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya ce a koyar da yara da manya cikin harsunansu. Ke nan wannan takarda da kuke karantawa da Hausa tana da dangantaka da tunaninsa.

Nan gida kuwa, ranar 16 ga Yuli 1960 aka kafa ƙungiyar ƴan makarantar Nijar, USN. Kwana 18 ke nan kafin a sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta. Abin lura game da ita, ba ta ware ƴan jami'a kaɗai ba. Ta haɗa ƴan kwaleji, da ƴan lise, da masu koyon malanta, da masu karatu a ƙasashen waje. Dole ta yi haka, don lokacin babu jami'a a Nijar. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. Su ma malamai suna da tasu sandika, SNEN. Da yawa cikinsu sun san aikin ƙungiya tun suna makarantun horon malamai, irin na Damagaram da Tawa.

Ga abin mamaki. Tsofaffin ɗaliban Ponty da suka hau mulki, su ne sabbin ɗalibai suka fi damu. Zamanin jam'iyya guda, ba kowa ke iya buɗe baki ba, sai ƴan makaranta. Cikin yunwar 1973 sun yi yajin karatu mai tsawo. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka tumɓuke Diori, Seyni Kunce ya hau. Shi ma bai sha da daɗi da su ba, su ma sun sha wuya a hannunsa: kamu, da kora daga makaranta, da rufe jami'a.

Ranar da ba a mantawa ita ce Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Shaibu. Kuɗin uraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa yawa. Masu ba da bashi na waje suka ce a rage abin da ake kashewa a manyan makarantu, har da kuɗin tallafin ɗalibai. Ga ɗan talaka, wannan kuɗi shi ne tuwonsa, shi ne littafinsa, wani ma daga ciki yake aika wa tsohuwarsa a ƙauye. Jami'a tana ƙetaren kogin Kwara. Ɗalibai suka taso da ƙafa za su shiga gari. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka tare su, aka buɗe wuta. Uku suka rasu: Isaka Kaine, da Aliyo Nahanci, da Abdu Maman Sagiru. Allah ya jiƙansu. Da yawa suka ji rauni.

Wannan jini ya tada ƙasa. Ma'aikata, da malamai cikinsu, suka mara wa ɗalibai baya. Kafin ƙarshen 1990 gwamnati ta yarda da jam'iyyu da yawa. Aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. USN ta samu kujera a ciki da cikakkiyar murya, daidai da ta ma'aikata da ta gwamnati. Wanda ya shugabanci taron malamin tarihi ne na jami'a, ɗan Damagaram, André Salifu.

Abdu Mumuni bai ga taron ba, ya rasu a watan Afrilu na 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. A 2010 kuma aka kafa jami'o'i a Maraɗi, da Tawa, da Damagaram.