Kalmar Turanci Ta Yau: "Blacken"

Jama'a, kalmar da na zaɓo mana yau ita ce "blacken". Aikatau ce da aka samo daga "black", wato baƙi, aka liƙa mata "en" a ƙarshe, kamar yadda "dark" ke komawa "darken". In abin ya riga ya faru, sai a ce "blackened".

Ma'anarta ta farko ita ce mayar da abu baƙi, ko abu ya yi baƙi da kansa. "Smoke blackened the pot", wato hayaƙi ya sa tukunya ta yi baƙi. "The sky blackened", wato hadari ya haɗo, gari ya yi duhu.

Ma'ana ta biyu ita ta fi shafarmu mu mazauna kudu: ɓata suna. "They want to blacken his name", wato so suke su shafa masa kashin kaji. A nan galibi tare take tafiya da "name", "character" ko "reputation".

Sai dai a kula, ba daidai take da baƙanta rai ba. Wanda aka baƙanta wa rai zuciyarsa aka sosa. Wanda aka yi wa "blacken" kuwa mutuncinsa aka zubar a idon jama'a.

Tana da 'yar uwa, "denigrate", wadda ta fito daga Latin, kuma tushenta ma baƙi yake nufi. Amma yau ma'anarta kushewa da ƙasƙantarwa.

Wadda na fi jin ana rikitawa da ita a kasuwannin Legas da Ibadan ita ce "blackmail". Mutum ya ce an yi masa "blackmail", alhali sharri aka ƙulla masa. Asalin "blackmail" shi ne a yi maka barazanar tona asiri sai ka biya kuɗi ko ka yi abin da ake so. Laifi ne daban.

Don haka in takardar koke za ka rubuta, kalmar shari'a ita ce "defamation". Na rubuce "libel" ne, na baki "slander". Sashe na 373 na Criminal Code ya fayyace shi, a arewa kuwa sashe na 391 na Penal Code.

A kiyaye abin da ake turawa a WhatsApp. Magana zarar bunu ce.