Burodin Pompeyi da Goron Salaga

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗan firamare a Pusiga ko Bawku yana bitar karatunsa ya san abin da za mu faɗa. Yaron zai bi layi da yatsa, ya furta kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya ba gargada, har ranka ya yi fari. Sai ka rufe littafin ka tambaye shi da Hausa: to, me ya faru a labarin? Nan zai sunkuyar da kai. Baki ya karanta, hankali bai je wurin ba.

Malaman Ingila sun sha fama da irin wannan wajen koyar da Latin, harshen Rumawan da. Shekaru aru-aru haddar nahawu ake yi da labaran yaƙe-yaƙe, yara suna gundura. A 1970 aka fitar da wani jerin littattafai a Kambirij wanda ya sauya salo. Tun shafin farko ana shigar da yaro gidan wani attajiri mai suna Kaikiliyus a birnin Pompeyi na ƙasar Italiya: ga matarsa, ga ɗansa, ga mai dafa abinci, ga kare. Yaro zai bi maigidan zuwa kasuwa, zuwa wurin wanzami, zuwa gidan wanka. Mutumin kuwa ya rayu da gaske, domin a 1875 masu haƙa sun tono alluna fiye da 150 a gidansa, na katako da aka shafe da kakin zuma, ɗauke da shaidar kuɗin da ya biya mutane bayan gwanjo. Dutsen Besubiyus ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya, toka ta binne garin, ta kuma adana shi. Har burodi aka samu cikin tanda, ya zama gawayi, da tsagin da mai gashi ya yi masa gida takwas. A jikin bangaye an ga tallan 'yan takara, da farashin abin sha, da zage-zagen 'yan unguwa. Can arewacin Ingila ma, a sansanin sojan Rum na Bindolanda, tun 1973 ake tono wasiƙu a kan ɓawon katako. A ɗaya an aika wa wani soja safa da takalma, a wata kuma matar wani hafsa tana gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta.

Dalilin da wannan ke kama hankalin yaro a fili yake. Bai san majalisar Rum ba, amma ya san a aike shi kasuwa, ya san mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida. Rabin ma'anar daga gida ya zo da ita, rubutun ya cika masa sauran. Sai ya soma tambaya da kansa: nawa aka saya, wa aka cuta, me zai biyo baya? Daga irin waɗannan tambayoyi fahimta take tsirowa.

Mu ma muna da garin da za a shigar da yaro haka, kuma da harshenmu aka rubuta rayuwar mutanensa. A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa, da rinannun tufafi, da fatu, ya yi watanni a hanya, ya biyo ta Sansanin Mango da Yendi. Madugu ne shugaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa. Jagaba na gaba yana duba masauki. A Salaga baƙo yakan sauka wurin maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Da wuri ake ciniki, ƙwaryar goro kuwa ɗari ce. A komawa sai an riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya ɓaci, in ba haka ba uwar kuɗi ta ruɓe tun kafin a ga Kwara. Garin ba shi da wadatar ruwa, shi ya sa ya cika da rijiyoyi. Kalmar zango da muke kiran unguwanninmu da ita har yau, daga masaukin waɗannan ayarori ta fito. Wane yaron zango ne zai ji wannan bai tambayi abin da ya sami jakin da ya gurgunce a hanya ba?

Babban wanda ya bar mana irin wannan rubutu shi ne Alhaji Umaru na Kete-Krachi. An haife shi a Kano wajen 1858, ya zo Salaga daidai lokacin da garin ke tangal-tangal, domin tun da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta soma sauyawa, yaƙin sarautar Kpembe na 1892 kuma ya watsa fatake da malamai. Ya koma Kete-Krachi, inda ya zama limami, ya rasu a 1934. A can ya koyar da wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, Hausa, ya kuma rubuta masa da ajami yadda ake noma, da sana'o'in hannu, da ciniki, da zaman jama'a a ƙasar Hausa. Tsohon garin Kete ɗin ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Takardun sun fi garin tsawon rai. Akwai kuma Malam Shaihu, wanda ya rubuta wa Rattray tatsuniyoyi da al'adu da sana'o'i da aka buga a 1913, da Malam Abu, wanda ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Zabarmawa da Babatu, mutumin da kabarinsa ke Yendi.

A nan akwai abin da ba za mu tsallake ba. Littafin Kambirij bai ɓoye cewa mai dafa wa Kaikiliyus abinci bawa ne ba. Salaga ma ta sayar da mutane kamar yadda ta sayar da goro, kuma wurin da ake kira Wankan Bayi yana nan, sunansa da harshenmu. Da yawa daga waɗanda Babatu ya kama kakannin maƙwabtanmu ne, waɗanda 'ya'yansu ke zama benci ɗaya da namu. A ganinmu wannan ya ƙara wa rubuce-rubucen daraja a aji. Yaron da aka tambaya wa ya rubuta wannan, wa ya rubuta wa, muryar wa ba a ji ba a ciki, ya wuce matakin furta kalmomi.

Sai dai takardun sun yi mana nisa. Wasu suna Jamus da Ingila, wasu a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon, inda aka tattara kwafi a shekarun 1960. Douglas Ferguson ya fassara bayanin Alhaji Umaru zuwa Turanci a 1973, Stanislaw Pilaszewicz na Warsaw ya buga labarin Malam Abu a 1992. Duka domin masana aka yi su. Hausa kuma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantun Gana, ko da yake da ita ake ciniki a kasuwar Bawku. Makarantar allo tana koya wa yaro baƙi da wasali, amma da wuya a miƙa masa takardar ajami ta Hausa a ce karanta.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfinmu ba: a ɗauki shafi guda, a mayar da shi boko, a sa tambayoyi biyar a ƙasa, a gwada a makarantar dare. Masu koyon malanta suna nan a Kwalejin Gbewaa ta Pusiga, da yawansu suna jin Hausa. Masu karanta ajamin da ba gargada kuwa suna zaurukan Yendi da Salaga, kuma galibinsu furfura ta riga ta rufe musu kai.