Rumbu nawa zai ci? Lissafin da ya kai shekara 3,500

Idan ka bi hanyar Kaduna zuwa Zariya ka iso wajajen Katabu, duba gefen titi. Durom na ruwa, tankin roba a saman bene, tukunyar gas, bakin rijiya: duk siffa ɗaya ce, da'ira a ƙasa, bango a miƙe. Ita ce silinda. Tambayar da mai saye ke yi, "nawa zai ci?", tsohuwa ce ƙwarai, kuma tun zamanin da an rubuta amsarta a kan hatsi.

Wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani magatakarda a Masar mai suna Ahmes ya kwafe littafin lissafi, wanda yanzu yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Matsala ta 41 a ciki rumbu ce mai faɗin kamu 9 da tsayin kamu 10. Ga dabararsa: cire kashi ɗaya cikin tara na faɗin, saura 8. Ninka 8 sau 8, ka sami 64. Ninka da tsayi, 640 ke nan. Da lissafin yau amsar 636 ce da ɗoriya. Kuskurensa bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma a ganina mai awon hatsi ba ya buƙatar fiye da haka.

Hujja ta zo daga baya. Arkimidis na Sirakus, wanda ya rasu a 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna cewa lambar nan da ake kira pi ba ta kai 22/7 ba, ta kuma wuce 223/71. Ya kuma tabbatar cewa ƙwallon da ya cika silinda cif yana cin kashi biyu cikin uku na cikinta. A ƙarni na 9 aka mayar da wannan aiki Larabci a Bagadaza, Sabit bin Ƙurra na cikin waɗanda suka yi masa hidima.

To, ina ruwanka? Tanki mai faɗin mita 1 da tsayin mita 1 yana cin lita 785. Ka ninka tsayin, ka sami 1,570. Amma ka ninka faɗin, sai ya koma 3,140, ninki huɗu, domin faɗi sau biyu yake shiga lissafi. Bangon kuwa ninki biyu kawai ya ƙaru. Ɓare takardar jikin gwangwanin madara ka shimfiɗa, za ka ga tsawonta zagayen gwangwanin ne, faɗinta kuma tsayinsa. Shi ya sa dogon tanki siriri kan ruɗi ido a kasuwa.

Sai dai rumbunmu na ƙasa sau da yawa yana da tumbi kamar tulu. Idan irinsa za ka auna, ɗauki faɗin a wuri uku, ka yi aiki da matsakaicinsu.