Daga Ponti zuwa Samaru: yadda wasa ya zama karatu

A bara wani ɗalibina ɗan Zabori ya shaida wa mahaifinsa cewa wasan kwaikwayo yake so ya karanta a jami'a. Tsohon ya dube shi ya ce: "Wasa kuma sai an je jami'a?" Tambayar dattijo ba abar dariya ba ce, domin a ƙasarmu yaro yakan buɗe ido ya tarar da tashe a watan azumi, ya ji labarin wasan kara na Damagaram inda samari kan kwaikwayi masu mulki, ba tare da an koya wa kowa a aji ba. Amsar tambayar tana cikin tarihi, kuma ya kamata malamai su san ta.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka, wasan kwaikwayo na boko ya yi tushe ne a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda irin su Bubu Hama da Jori Hamani suka yi karatu. Tun wajen 1935, ƙarƙashin kulawar wani malami mai suna Charles Béart, akan umurci ɗalibi idan ya tafi hutu ya tattaro al'adu da labarun garinsu, ya dawo a mayar da su wasa cikin Faransanci. A 1937 har birnin Paris aka kai ɗaliban suka nuna wasanninsu. Sai dai mu lura da wanda ke zaune yana kallo: gwamna ne da manyan ma'aikata da Turawa. Tsohuwar da ta ba da labarin ba ta ga wasan ba, ko ta gani ma ba za ta ji harshen ba.

Bayan shekara 40 sai aka juya al'amarin a Zariya. A 1975 Michael Etherton, wanda ya yi aiki a Zambiya, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello aka kafa karatun wasan kwaikwayo a cikin sashen Ingilishi. Ɗakin wasan da aka gina wa ɗalibai, wanda Steven Ehrlich ya zana, na laka ne, zauruka kewaye da fili kamar gidan Bahaushe. Ɗalibin da ya shiga da burin hawa dandamali ya sha tafi, sai ya ga an tura shi unguwannin Samaru ya zauna da mata da ƴan kasuwa da masu sana'a, ya saurari abin da ke damunsu, ya dawo shi da abokan karatunsa su ƙulla wasa a kai, sa'an nan su koma su nuna shi a fili a gaban mutanen da suka ba da labarin. Haka aka yi da manoman Soba a 1977, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, aka kuma yi a Maska a 1979.

Wannan karatu bai zo wa ɗalibi da sauƙi ba. Wanda bai iya Hausa ba tilas ya koya, wanda ya iya kuma ya gane cewa Hausar aji dabam, ta bakin kasuwa dabam. Malaman da kansu sun ga aibin aikin: ɗalibai su zo, su yi wasa, su hau mota su tafi, manomi kuwa yana nan da matsalarsa ta taki da gona. Saboda haka daga baya, a ƙauyen Bomo, aka fara sa manoma su hau fili da kansu, ɗalibi ya koma mai taimako. Ashe babban darasin sashen shi ne sauraro.

A Nijar kuwa hanyar ta bi ta hannun malaman makaranta da samariya. Yazi Dogo, ɗan Dogon Dutsi a nan jihar Doso, malamin makaranta ne kafin rediyo da talabijin su kai wasanninsa na Hausa gida-gida. Bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, zamanin Seyni Kunce, ya sa kowace jiha ta shirya ƙungiyarta. Abin da Zariya ta mayar manhaja, su sun same shi ta wurin zama da jama'a, ko da yake idon hukuma bai bar kansu ba.

To, me za mu gaya wa dattijon Zabori? Gaskiya ce, ba a zuwa jami'a don koyon ba da dariya. Ana zuwa ne don koyon bincike da rubutu da tsara magana, yadda rikicin manomi da makiyayi, ko halin da iyalan Gaya suka shiga sa'ad da aka rufe iyaka a 2019 da 2023, zai fito fili a tattauna shi ba tare da an zagi kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne: in yaron ya gama, ya dawo ya yi wasan a ƙofar gidan ubansa, cikin harshen da uban ke ji. Mu kuma malamai da ƙungiyoyin al'adu, kada mu jira sai ya tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, filin makaranta kuwa ya isa dandali.